Ranar da Malam Luka Ya Karkata Allon Gaba

Idan kana son zaman lafiya da Malam Luka mai hoto, kada ka ambaci jaki a gabansa. Ka kushe hularsa, ka ce ya tsufa, ka ce wayar hannu ta fi kyamararsa, duk tsaki zai yi ya ƙyale ka. Amma ka kuskura ka ce jaki, to ka shirya jin tarihin shekara talatin da bakwai a tsaye, rana na dukan ka, kuma ba zai bari ka tafi ba sai ya kai aya.

Mutumin Zuru ne. Aikin koyarwa ya kai shi Kalgo yana saurayi, daga baya aka yi masa canji zuwa Gwandu, ya zo da matarsa Kande da akwati biyu da niyyar yin shekara uku. Ga shi har ya yi ritaya, 'ya'ya sun watsu Jos da Ikko, shi kuwa yana nan daram, ana gaisawa da shi a coci ran Lahadi, ana gaisawa da shi a ƙofar masallaci sauran ranaku. Lissafi ya koyar, kuma lissafin ya bi shi har gida. Mutum ne da in ya ga kalanda ta karkace a bangon wani, abinci ba zai wuce masa ba sai ya tashi ya gyara ta.

A Kalgo ya sami kyamarar, wurin wani tsohon mai hoto da ake kira Baba Ogbomosho, wanda ya bar masa ita ran da zai koma garinsu. Ba irin wadda ake ratayawa a wuya ba ce. Ƙatuwa ce ta katako, a kan ƙafa uku. Allo biyu gare ta. Na gaba shi ke ɗauke da ido, na baya kuma gilashi ne, inda mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle ya leƙa, ya ga mutane ƙafa sama kai ƙasa. Tsakanin allunan akwai fata mai naɗe-naɗe irin ta zuga-zugin maƙeri. Kowane allo da notinsa, in ka kwance sai ya juya hagu ko dama. Tsohon bai cika surutu ba, abu ɗaya ya yi ta nanata masa: allon gaba da na baya su fuskanci juna sak, in ɗaya ya karkace ko da faɗin farce ne, rabin hoto ya tafi.

Luka ya ji, amma ji na kunne kawai. Sai da aka yi wa hedimastansu canji, malamai suka ce a yi hoton ban kwana. Ya ɗaura kyamara a bayan keke, ya faɗa wani rami a hanya, ya tashi ya kakkaɓe wando, bai duba komai ba. Aka jera a kan benci, hedimasta a tsakiya da babbar riga, aka ɗauka, kowa ya watse. Da hoto ya fito, mai gadin makaranta da ke zaune a ƙarshen benci ta hagu ya fito raɗau. Hedimasta kuwa sai ka ce an shafa masa toka a fuska, malaman da ke dama ba ka bambanta mace da namiji. Amma can nesa ta dama, a gindin wata kuka, wani jaki da ba wanda ya gayyata ya fito tas, har ƙudan da ke kunnensa ana iya ƙirgawa. Hedimasta ya riga ya tafi, ba damar sakewa. Daga ranar sunansa ya zama Mai Hoton Jaki, kuma har yau in ya sauka a tashar Kalgo akwai tsofaffin da za su gaishe shi da kyau, su tambayi iyali, sannan su tambayi lafiyar jaki.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Luka ya daidaita allon gaban da faɗuwar ta karkatar, ya ɗaure notin da filaya, ya ɗiga jan fenti a kai don in ya motsa ya gani. Duk da haka bai yarda ba. Kafin kowane hoto sai ya fito da wani kara da ya yi wa shaida da wuƙa, ya auna tsakanin allunan a kusurwa huɗu, ya ɗora lebur na magina sama da gefe, ya sake aunawa da tef ɗin ɗinkin Kande, wanda ya sace mata har sau uku yana rantsuwa bai gan shi ba. Rabin awa ke nan in an yi sa'a. Amare sun yi gumi har kwalli ya zubo. An yi jaririn da ya yi barci, ya farka, ya sha nono, ya koma, Malam Luka yana kusurwa ta uku. Ga kuma idon kyamarar da ya daɗe da maƙalewa a buɗe, abin da take kamawa tas bai wuce zurfin taki ɗaya ba. Dole kowa ya jeru kafaɗa da kafaɗa, wanda ya matsa gaba ko baya ya zama hayaƙi, kuma ya sha faɗa.

Da waya mai hoto ta zo, mutane suka gudu, kuma tsakani da Allah ban ga laifinsu ba. Shi dai cewa yake hoton da ba a sha wahalarsa ba ba hoto ba ne, shi ya sa ake ɗauka ɗari a share ɗari. Takardar hoto da maganin wanki suka yi wuyar samu. 'Yarsa Grace ta yi ta cigiya a Ikko har ta samo masa kwali ɗaya, ta ce Baba wannan ne na ƙarshe, kada a sake aiko ta. Ya yi ta tattali har saura takarda biyu. Biyun nan kuwa hoto ɗaya ne, don ta farko ake sa wa a kyamara ta fito baƙi a wurin fari, sannan a kifa ta kan ta biyu a fitar da hoton gaske. Ya ce ya ajiye su sai abin da ya cancanta ya zo. Kande ta tuna masa cewa shekara arba'in bai taɓa ɗaukar ta ba, ya ce ai ita ba ta iya zama wuri ɗaya.

Bayan an kwashe gero ne Hamidu ya zo. Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Kambaza, gidansu ne ke kawo wa Kande nono tun tana goyon Grace, kuma Luka ya taɓa ɗaukar marigayi mahaifinsa tare da wani farin bijimi. Bayan gaisuwa mai tsawo ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wansa Umaru zai tashi da shanu ran Asabar, ya nufi ƙasar Bargu, wataƙila ma ya zarce, kuma ba tashin rani ba ne da ake dawowa. Makiyaya ta zama gonaki, shanu ba su da inda za su sa baki. Uwarsu Hajjo ƙafa ta ƙi, ba za ta iya bin su ba, za ta zauna wurin Hamidu. Ita ce ta ce tana son hoto da Umaru kafin ya tafi.

Luka ya nuna aljihun Hamidu da baki, ya ce ai ga waya nan. Hamidu ya ce an gwada, ta ƙi. Ta ce ba ta son hoton da zai shiga aljihun kowa, a riƙa nuna shi a kasuwa. Guda ɗaya take so, a takarda, irin na mijinta, ta sa a akwatinta. Rabon da Luka ya ji magana mai hankali irin wannan an fi shekara goma. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar.

Ran Alhamis Hamidu ya ɗauke shi a babur. Allah ya isa tsakanin Malam Luka da hanyar nan. Ya rungume kyamara a cinya, ƙafafunta a ɗaure a bayansa, kowane rami sai ya ji a haƙoransa. Ya ce wa Hamidu ya rage gudu, Hamidu ya ce to, ya ƙara. Da suka isa bai ko sha nonon da aka kawo masa ba, ya kafa kyamara a inuwar wata tsamiya, ya fito da kara da lebur da tef. Kamar yadda ya zata, allon baya ya zame. Ya gyara sama, ƙasa ta kauce. Ya gyara ƙasa, lebur ya ce bai yarda ba. Matan ruga suka gaji da kallo suka koma daka. Sai da la'asar ta yi sannan kusurwa huɗun suka zo daidai da shaidar kara, ya miƙe yana dafa ƙugu, ya ce a kira masu hoto.

Hajjo ta fito da sanda, 'yar tsohuwa siririya, ta sha zanen saƙi da 'yan kunnen azurfa. Ta zauna a tabarmar da ya shimfiɗa ta hagu, ya bar wa Umaru wuri a gefenta. Umaru ya zo, dogon mutum da malafa, sanda a kafaɗa. Ya taho har saura taki bakwai, sai ya ja ya tsaya a bayanta ta dama, kusa da inda aka fara ɗaure kayan tafiya. Luka ya yafito shi da hannu. Bai motsa ba. Ya kira sunansa, ya nuna tabarma. Umaru ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa, ita kuwa Hajjo ta kawar da fuska wajen shanu kamar ba da ita ake ba.

Hamidu ya matso ya ce masa a hankali, Malam, ɗan fari ne.

Ai Luka ya sani. Shekara talatin da 'yan kai a Gwandu, wa zai koya masa kunyar ɗan fari? Ya san ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan. Abin da bai zata ba shi ne a ce har a gaban kyamara, har ran rabuwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba, a ɗauko tsoho daga gidansa, a kakkarya masa ƙashi a hanya, a ce a yi hoton mutum biyu, sannan mutum biyun su ƙi zama wuri ɗaya. Ya ce ƙirga biyu kawai zai yi, kunya ta yi haƙuri na ƙirga biyu. Ya ce to Umaru ya tsaya nesa amma a layi ɗaya da ita. Hamidu ya kai saƙo da Fulatanci ya dawo da amsa cewa ba zai daidaita kafaɗa da ita ba, a bayanta zai tsaya. Luka ya bi ta lallashi, ya bi ta lissafi, har ya zana musu layi a ƙasa da kara yana bayanin zurfin taki ɗaya. Suka saurare shi da ladabi, suka ce gaskiya ne, kuma ba wanda ya gusa.

Ya shige ƙarƙashin ƙyalle yana huci. Ya murɗa har Hajjo ta fito raɗau a gilashi, Umaru ya zama hayaƙi. Ya murɗa baya, Umaru ya fito, Hajjo ta narke. Ya tsaya tsakiya, duka biyun suka lalace. Hamidu ya ba da shawara a yi hoto biyu, Luka ya leƙo ya tambaye shi ko takarda a kan tsamiya take tsirowa. Sai Hamidu ya ce to a fitar da Inna da kyau, shi Umaru ko inuwarsa aka gani ta isa.

A nan ne Hajjo ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Inuwatai ina da ita, Malam. Shekara hamsin ita nika gani."

Luka ya koma cikin ƙyalle, don maganar ta soke shi. Gumi na zuba masa a ido, inuwar tsamiya na ƙara tsawo, hasken da ya rage bai fi na rabin awa ba. Yana cikin murɗe-murɗen banza sai ya lura da wani abu a gefen gilashi, ƙafa huɗu a sama, kunnuwa biyu a ƙasa. Jakin da zai ɗauki kayan Umaru ne, an ɗaure shi a bayansa kaɗan. Luka ya yi tsaki mai ƙarfi, ya ce a ransa ko a lahira sai wannan dabba ta bi shi. Sai kuma ya tsaya cak. Mai gadi a kusa ta hagu, jaki can nesa ta dama, duka biyun tas, a hoton da ya jawo masa abin kunya. Ga tsohuwa a kusa ta hagu, ga ɗanta can nesa ta dama.

Ba farin ciki ya ji ba, haushi ya ji, irin wanda ke sa mutum ya rasa wanda zai zaga. Shekara talatin da bakwai yana gadin notin nan, ya kori amare, ya ɓata da abokai, ya yi awa ɗaya a yau ɗin nan yana daidaita shi, yanzu kuma a ce da hannunsa zai lalata. Ya fito, ya laluba jaka, ya ɗauko filaya. Notin ya ƙi, don shi ma ya saba. Da ya matsa, jan fentin ya tsage. Ya juya allon gaba kaɗan, ya leƙa, komai ya ƙara dagulewa, ashe ta ɓangaren da ba daidai ba ya juya. Ya ambaci wata kalma da yaren gida wadda Kande ba ta bari a faɗa a gidanta, ya mayar ta ɗaya gefen. Kaɗan, ya murɗa, kaɗan, ya sake murɗawa. Sai ga 'yan kunnen Hajjo sun fito, kuma ga saƙar malafar Umaru ta fito, a gilashi ɗaya, a lokaci ɗaya. Kara da lebur suna kwance a ƙasa, bai ko kalle su ba.

Ya rufe ido da murfi, ya zura takarda, ya ce Hamidu ya gaya wa wansa ya ture malafa baya, ya kalli idon kyamara, kada ya kalli ko'ina. Ya roƙi Inna ta riƙe numfashi. Ya cire murfi, ya ƙirga ɗaya, biyu, idonsa a kan Hajjo don kanta na ɗan rawa, ya mayar. Shi ke nan. Ya naɗe kayansa, sai a lokacin ya sha nonon, wanda ƙuda suka riga shi.

Kande ce ta fara ganin fentin ya tsage, don ita ma ta san notin nan kamar ɗan da ta haifa. Ta tambaya ko faɗuwa suka yi. Ya ce a'a, shi ya kwance. Ta ajiye almakashi ta dube shi, ta tambaya ko zazzaɓi yake ji. Ya ce ta bar shi ya ji da abin da ke damun sa.

Washegari da hantsi ya shiga ɗakin ajiyarta, ya toshe ƙofa da bargo, ya kunna tocila mai jar leda a baki. Takarda ta farko ta fito, ya kifa ta kan ta ƙarshe, ya haska, ya tsoma a magani yana kaɗawa. Hajjo ta taso daga farar takarda, kowane layi na fuskarta a fili. Umaru ya taso. Tsamiya ta zama hayaƙi, ƙoren da ke gefe suka narke, wannan bai dame shi ba. Jakin ya fito tas, ba sai an faɗa ba. Amma da ya fito da hoton tsakar gida ya duba da kyau, sai ya dafe kai. Umaru bai kalli kyamara ba. An gaya masa da Hausa, an gaya masa da Fulatanci, ya karkata fuska gefe yana kallon ƙasa-ƙasa ta hagu. Luka ya yini yana mita, ya ce takarda ta ƙarshe a duniya, mutum ya kasa riƙe idonsa na ƙirga biyu. Kande ta karɓa ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta miƙa masa ta koma kan ɗinkinta.

Sai ran Litinin Hamidu ya sami zuwa ɗaukar sa. Umaru ya tafi tun Asabar. Rabin rugar ya zama fili, sai turaku da busasshen kashin shanu. Hajjo na zaune a gindin tsamiyar nan. Luka ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata hoton a cikin ambulan, ya fara ba da haƙuri tun kafin ta buɗe. Ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, itacen bai fito ba, jakin kuma ba shi ya sa shi ba, sannan ga shi wanda aka yi domin sa ya ƙi kallon inda aka ce, kuma babu takardar sakewa.

Ba ta saurare shi ba. Ta juya musu baya, ta kai hoton kusa da ido, ta matsa inda rana ke sauka. Ta daɗe har Hamidu ya fara gyaran murya. Luka na hango yatsanta a kan takardar, ya wuce fuskarta bai tsaya ba, ya tafi can dama.

"Ashe hurhura ta hito mai ga gemu," ta ce, ba da kowa take ba.

Luka ya sake cewa da ma ya kalli kyamara, da fuskar ta fi haka fitowa. Yatsan ya taso daga idon Umaru, ya bi inda idon ya nufa a hankali, ya gangaro hagu, ya tsaya a kan ƙeyar tsohuwar da ke zaune a tabarma.

"Bar shi, Malam," in ji Hajjo. "Na ga inda shika kallo."

Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska da hoton gaba ɗaya. Hamidu ya tashi ya tafi duba babur ɗin da ba abin da ya same shi, Malam Luka ya bi shi.